Sharhi: Esansi Mai Tsada Yana Ƙara Wa Manyan Motocin Pikap Ƙarfi, Ko Asarar Kuɗi Ce Kawai?

Duk mai zama a fada, a Maraɗi ne ko Damagaram ko Tawa, ya san in an gama zancen damina da farashin hatsi, zancen mota ne ke biyo baya. Akwai kuma wata gardama da ba ta ƙarewa: wai man ƙasashen waje ya fi namu ƙarfi, shi ya sa motocinsu ke tashi kamar iska. Ƴan uwanmu da ke Amurka su kan turo bidiyon gidan mai, ka ga famfo ɗaya da lambobi uku, 87 da 89 da 93, kowace lamba da kuɗinta. Sai mutum ya ɗauka mai babbar lamba shi ne na gaske, sauran kuwa ruwa ne.

Can a Amurka ma gardamar tana nan daram, musamman tsakanin masu manyan motocin pikap irin su Ford F-150 da Ram da Toyota Tundra. Wasu sun rantse sai mai tsada, wanda ake kira firimiyam, wasu kuma na ganin zubar da kuɗi ne. Zancen ya shafe mu, don irin waɗannan motoci suna shigowa ƙasarmu, wasu ƴan kasuwa ke kawo su, wasu kuma ƴan uwa ke turowa gida.

Amsar a taƙaice ita ce: ga yawancin motoci, mai tsada ba ya ƙara kome. Ga wasu yana ƙara ɗan abu kaɗan. Ga wasu ƙalilan kuma dole ne. Mu a nan, sanin wace iri ce motarka ya fi muhimmanci tun kafin a saye ta.

Mece ce wannan lamba?

Lambar da ke jikin famfo ana kiranta oktan. Ba ma'aunin ƙarfi ba ce. Litar mai 87 da litar mai 93 kusan wuta ɗaya suke bayarwa in sun ƙone. Abin da lambar ke aunawa shi ne haƙurin mai, wato yadda zai jure matsi da zafi ba tare da ya kama wuta da kansa ba.

Ga yadda abin yake. A cikin injin esansi, iska da mai na shiga, fiston ya matse su, sannan buji ya ba da tartsatsi, su ƙone a tsanake su tura fiston ƙasa. To in matsin ya yi yawa, ko zafi ya yi yawa, wani sashe na man sai ya fashe da kansa kafin wutar buji ta iso gare shi. Wannan fashewa ita ce ƙarar da direba ke ji in yana hawan tudu da kaya, kamar ana girgiza tsakuwa cikin gwangwani. In ta daɗe tana faruwa, tana cin kan fiston, har ta kai inji ga bugawa.

Mai babbar lamba ya fi jure wannan matsi. Injin da aka ƙera da matsi mai tsanani, ko aka sa masa turbo mai cusa iska, shi ke buƙatar irin wannan haƙuri. Injin da matsinsa bai kai can ba, in ka zuba masa, kamar ka sayi igiyar ɗaure raƙumi ne ka ɗaure akuya. Igiyar ba ta da laifi, amma akuyar ba ta ƙaru da kome ba.

Motocin zamani suna da wata ƴar na'ura a jikin inji mai sauraron wannan ƙara. Da ta ji ta, sai kwamfutar mota ta jinkirta tartsatsin buji don ta kare inji. Shi ya sa direba ba ya jin kome, sai dai ya ga mota ta yi nauyi, tana kuma ƙara shan mai.

Abu ɗaya da ya kamata a cire daga zancen tun yanzu shi ne gazuwal. Tireloli da manyan motocin ɗaukar kaya, da Land Cruiser pikap mai injin gazuwal da ake gani a hanyoyin Agadas da Diffa, ba ruwansu da oktan. Injin gazuwal ba shi da buji, matsi ne ke kunna mai, saboda haka shi so yake mai ya kama da wuri. Ma'auninsa daban ne, ana ce masa setan. Zuba esansi cikin tankin gazuwal don wai a ƙara ƙarfi kuwa hanyar kashe famfon inji ce.

Abin da gwaji ya nuna

Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta yi gwaji har sau biyu kan wannan tambaya. A 2016 ta ɗauki motocin da aka ƙera don mai na gama-gari, ta zuba musu 87, ta sake zuba musu 93, ta auna. Ba ta ga wani bambancin a zo a gani ba, ko a ƙarfin inji, ko a shan mai, ko a hayaƙi. Ta kuma ƙiyasta cewa direbobi miliyan 16.5 sun zubar da sama da dalar Amurka biliyan 2.1 cikin shekara guda wajen sayen man da motocinsu ba su buƙata. In aka juya shi zuwa kuɗinmu, ya haura miliyar 1,000 na sefa.

A 2017 sai ta gwada motocin da kamfanoninsu suka ce an fi son a zuba mai tsada amma ba dole ba. A nan an ga bambanci, sai dai ƙarami ne. A matsakaici, tafiyar da mota ke yi da lita guda ta ƙaru da kashi 2.7 cikin 100, ƙarfin inji kuma da kashi 1.4 cikin 100. Wadda ta fi amfana ita ce babbar motar nan Cadillac Escalade, da kashi 7.1 cikin 100. A lokacin kuwa, mai tsada ya fi na gama-gari kuɗi da kashi 20 zuwa 25 cikin 100.

Mu yi lissafin kasuwa. Man da zai kai ka kilomita 100, in ka sauya zuwa mai tsada, zai kai ka 103 ba su cika ba. Amma inda kake biyan jika 10, yanzu za ka biya jika 12 ko fiye. Ko yaron da ke sayar da goro a tasha ya san wannan ciniki bai yi ba.

Akwai masu cewa mai tsada ya fi wanke inji. Wannan ma an gwada. Abin da ke hana datti taruwa a inji shi ne sinadarin wanki da kamfanin mai ke zubawa, kuma ba lambar oktan ke kawo shi ba. Gwajin da AAA ta yi a 2016 ya nuna man da ba shi da isasshen sinadarin wanki yana barin datti har ninki 19 fiye da wanda ke da shi. Kenan mai ƙaramar lamba daga gidan mai na kirki ya fi mai babbar lamba daga inda ba a sani ba.

Motoci kashi uku ne

Kashi na farko su ne waɗanda aka ƙera don mai na gama-gari. Toyota Tundra tana cikinsu, duk da girmanta, kamfanin ya ce 87 ya isa. Hilux mai injin esansi 2.7 da muka saba da ita ma haka take. Wanda ya zuba wa irin waɗannan mai tsada, sadaka ya yi wa mai gidan mai.

Kashi na biyu su ne waɗanda ke tafiya da na gama-gari lafiya lau, amma su kan ɗan ƙara kuzari da mai tsada. Misali Ford F-150 mai injin turbo da ake kira EcoBoost. Littafin motar ya ce 87 ya wadatar, amma in ana son cikakken ƙarfinta a zuba 91 ko sama, kuma an fi ganin bambancin a lokacin zafi ko in tana jan kaya mai nauyi. Mai irin wannan mota a Amurka, in zirga-zirgar cikin gari yake yi, ba ya buƙatar ƙarin kuɗin. Ranar da zai ja tirela a tsakiyar zafi, to ranar ce mai tsada ke biyan kansa.

Kashi na uku su ne na dole. Ram 1500 TRX, ƙirar 2021 mai ƙarfin doki 702, kamfanin ya ce sai 91. Lexus LX 570 da aka ƙera don kasuwar Amurka, wadda manyan mutane ke so a nan, ita ma an rubuta mata 91. Irin waɗannan ba a yi musu rowa. Kwamfuta za ta yi iya ƙoƙarinta ta kare inji, amma kariyar tana da iyaka, kuma kuɗin gyaran inji ɗaya ya fi abin da aka tara na rangwamen mai.

Tarkon lamba 91

Ga inda mutanenmu da yawa ke faɗawa rami. Lambar da ke jikin famfon Amurka ba irin wadda ke jikin namu ba ce, ko da kuwa rubutun iri ɗaya ne.

Hanyoyi biyu ake auna oktan a ɗakin gwaji, ɗaya a saukake, ɗaya cikin zafi da gudu. Turai da Afirka da ƙasashen Larabawa suna rubuta sakamakon hanya ta farko, wadda ake kira RON. Amurka da Kanada kuwa suna haɗa biyun su raba biyu, sai lambarsu ta fito ƙasa da tamu da kamar 4 ko 5. Littattafan motocin Toyota na Amurka sun fayyace shi: 87 ɗinsu shi ne RON 91, 91 ɗinsu kuma RON 96 ne.

Kun ga abin da wannan ke nufi. Esansin da muke sha, wanda ake kira Super 91, daidai yake da 87 na Amurka, wato mafi arha a famfonsu. Mutum ya sayi mota a Greensboro ko New York, ya ga an rubuta 91 a murfin tanki, ya tuna cewa man gida ma 91 ne, ya ce shi ke nan, an dace. Alhali motar 95 ko 96 take nema a ma'auninmu.

Suna ma yana ruɗin mutane. Kalmar Super da muka gada daga Faransanci ba ta nufin man na musamman ne. A Najeriya ana kiran fetur PMS, kuma harafin farko na nufin firimiyam, amma shi ne dai fetur ɗin kowa da kowa. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ƴan uwanmu da ke wasu ƙasashe suna da zaɓi a famfo. A Saudiyya akwai 91 mai launin kore da 95 mai launin ja. A Faransa akwai SP95 da SP98. A Gana ana samun 91 da 95 a gidajen mai da dama. Duk waɗannan a ma'aunin RON suke, kuma ƙa'idar ɗaya ce: ka zuba abin da littafin motarka ya ce, kada ka yi ƙasa, ba kuma sai ka yi sama ba.

A nan gida, famfo ɗaya ne

Mu a Nijar ba mu da lambobi uku a famfo. Esansi iri ɗaya ne, da gazuwal, da kananzir. Matatar SORAZ da ke jihar Damagaram, wadda ta fara aiki a watan Nuwamba 2011, an gina ta ne don tace ganga 20,000 a rana daga ɗanyen man Agadem, kamfanin SONIDEP kuma shi ke rarrabawa. Gwamnati ke tsaida farashi. A watan Yuli 2024 ta sauke litar esansi zuwa sefa 499, wato dala 100 ba kaɗan, ta gazuwal kuma daga 668 zuwa 618.

Kowa kuma yana tune da watan Maris 2025, lokacin da esansi ya yi ƙaranci, aka yi ta dogayen layuka a Yamai da sauran garuruwa. A irin wannan rana ba wanda ke tambayar oktan nawa ne, tambayar ita ce akwai ko babu. Ƙasar da ke fama ta wadata kowa da iri ɗaya, ba a yi tsammanin ta buɗe famfo na biyu don motoci ƴan ƙalilan ba.

Saboda haka, a wurinmu ba a gidan mai ake yanke shawarar nan ba. Ana yanke ta ne ranar da ake zaɓen mota. Wanda ya kawo motar kashi na uku, ya biya jirgin ruwa, ya biya hanya daga Lome, ya biya duwan, to ya kawo motar da ba za ta taɓa samun abincinta ba. Ga zafin watan Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ga rairayi, ga lodi. Waɗannan ukun su ne ainihin abubuwan da ke sa mai ya fashe kafin lokaci. Kwamfuta za ta yi ta ja da baya, ƙarfin da aka saye ta dominsa ya ragu, shan mai ya ƙaru. In kuma wani abu ya lalace, kayan gyaranta sai an aiko daga waje, ba kamar na Hilux da ake samu a kowace kasuwa ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubda ruwa.

Motar kashi na biyu za ta rayu a nan, sai dai mai ita ya sani cewa ƙarfin da ya gani a talla ba duka zai samu ba. Ta kashi na farko kuwa, ita da manmu kamar an yi su don juna.

Ƴan kwalaben ƙara ƙarfi

Wani zai ce ai akwai magani, ga ƙananan kwalabe ana sayarwa a shagunan kayan mota, an ce suna ɗaga oktan. A yi hattara da lissafinsu. In kwalba ta ce tana ƙara maki 5, sau da yawa abin da take nufi shi ne rabin lamba ɗaya, wato daga 91 zuwa 91.5, don maki 10 ne ke yin lamba guda. Ba za ta mai da 91 ya zama 95 ba. Wasunsu kuma suna ɗauke da sinadarin ƙarfe mai barin jan datti a kan buji, ya kuma toshe tukunyar tace hayaƙi. Masu jefa ƙwayoyin kafur cikin tanki su ma ba gyara suke yi ba, datti suke tara wa inji.

Inda haɗarin yake da gaske

In za a faɗi gaskiya, abin da ya fi kashe injuna a yankinmu ba ƙarancin mai tsada ba ne, gurɓataccen mai ne. Ƙauyuka da yawa ba su da gidan mai kusa, dole sai wajen ƴan ruwa-ruwa, kuma da yawansu mutanen kirki ne masu neman abincin iyalinsu. Amma mai in ya bar famfo, ba mai iya ba da shaida a kansa. Wanda aka sirka da kananzir, oktan ɗinsa faɗuwa yake yi ƙasa warwas, don kananzir ba shi da haƙurin matsi ko kaɗan. Wanda ya wuni cikin buteli a rana, sashensa mai sauƙi ya tsere. Wanda ya kwana cikin tsohon bido, yana iya zuwa da ruwa da ƙura.

Ko manyan hanyoyi ma ba su tsira ba. A farkon shekarar 2022 an shigo da fetur Najeriya mai sinadarin metanol fiye da ƙima, motoci suka lalace, aka janye shi daga kasuwa, aka shiga dogon layi. Wanda ke kan iyaka, daga Ƙonni zuwa Ɗan Isa zuwa Magarya, ya san abin da ya shiga kasuwar can yana iya ƙetarowa nan.

Tsohuwar mota mai karbirato ta kan haɗiye irin wannan mai ta yi tari ta wuce. Injin zamani mai turbo ba ya yafewa. Gwargwadon tsadar mota, gwargwadon saurin da mugun mai ke kayar da ita.

Abin da ya kamata a yi

Ga ƴan uwa da ke waje masu niyyar turo mota gida: kafin ku biya, ku buɗe murfin tanki, ku duba littafin motar. In kun ga kalmar Required kusa da lamba 91 ko 93, wannan motar ba ta gida ba ce. In Recommended aka rubuta, za ta yi, da ɗan ragi. In 87 aka rubuta, ku turo da kwanciyar hankali. Ku kuma tambayi makanikin garinku ko ana samun kayanta, tun kuɗi bai fita ba.

Ga waɗanda suka riga suka mallaki mai neman babban oktan: ku riƙa shan mai a gidan mai da kuka yarda da shi, ku guji na buteli sai in babu makawa. Kada ku danne totur da kaya a tsakiyar rana. In kun ji ƙarar tsakuwa cikin gwangwani, ku sassauta ƙafa, ku sauko da giya, ku kai ta a duba.

Ga kowa da kowa kuma, kuɗin da za a kashe wajen kwalaben ƙara ƙarfi, gara a sa shi inda zai yi aiki: juyen baƙin mai a kan lokaci, sabon buji, ruwan lagireto, iskar taya daidai, da sauya filtar iska, musamman a lokacin hunturu da ƙura ke toshe ta cikin ƴan makonni. Waɗannan su ne ke dawo wa mota da ƙarfinta, kuma kowane gareji na iya yinsu.

Sauran aiki na hukuma ne. Mai mota ba shi da ɗakin gwaji a aljihu, abin da aka rubuta a famfo shi ya dogara da shi. In an ce 91, to ya zama 91 ne daga matata har tankin ɗan kabu-kabu, a Yamai da kuma ƙauyen da ya fi kowane nisa. Binciken ingancin mai a gidajen mai da wuraren ajiya, a kai a kai, tare da faɗa wa jama'a abin da aka gano, zai ceci injuna fiye da duk wani mai tsada da za a shigo da shi.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa kowa ya sauka lafiya.